Ɗalibanmu Sun San Java, Ba Su San Malaman Java Ba

Akwai tambayar da kusan duk matashin da ya nemi aikin rubuta manhaja a Akra ya sha ta a intabiyu: mene ne ginshiƙai huɗu na OOP, wato tsara manhaja bisa abubuwa? Yaranmu na Nima da Mamobi da Madina sun haddace amsar sarai. Killace bayanai a cikin abu, ɓoye tarkacen aiki a bar abin da ake buƙata kaɗai a fili, gado daga aji zuwa aji, sai kuma umarni ɗaya ya yi aiki iri-iri gwargwadon wanda aka ba shi. Idan aka ce su kawo misalin harshe, sai su ce Java, C++, C#, wani ya ƙara da Python. Mai tambaya ya gyaɗa kai, a wuce tambaya ta gaba.

Sunayen da ba a kira su ne ke damuna. Ba za ka ji Simula ba, alhali a cikinsa aka fara aji da gado. Ba za ka ji Smalltalk ba, alhali mai shi ne ya raɗa wa wannan tsari suna. Eiffel da Self da Lua da Erlang kuwa sai ka ce ba a taɓa yin su ba. Ni a ganina kuɗi da talla da manhajar makarantu ne suka ture waɗannan harsuna gefe. Tunanin da ke cikinsu bai tsufa ba, kuma mu da muka zo wannan sana'a a makare mun fi kowa asara idan muka bar su a inda aka jefar da su.

Ga wanda ba ɗan sana'a ba, OOP hanya ce ta tsara manhaja inda ake raba ta gida-gida. Kowane gida ana kiransa abu, yana riƙe da bayanansa, yana kuma da ayyukan da ya iya. Ɗauki asusun momo da ke wayarka. Ya san nawa ne a cikinsa, ya iya karɓar kuɗi, ya iya fitarwa. Babu wani ɓangaren manhaja da ya kamata ya sa hannu ya sauya adadin kuɗin kai tsaye, sai dai ya nemi asusun ya yi da kansa. Aji kuma shi ne zanen da ake bi a ƙera asusu dubu iri ɗaya.

Wannan tunani a Oslo aka haife shi, babban birnin Nowe, a hannun mutum biyu, Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard, a cibiyar lissafi ta ƙasar. Sun fara aikin a farkon shekarun 1960, kuma ba harshen koyarwa suka tashi yi ba. Matsala ce a gabansu: yaya za a kwaikwayi harkar duniya a cikin kwamfuta? Ka ce kana son sanin abin da zai faru a tashar jiragen ruwa ta Tema idan aka ƙara wurin sauke kaya guda. Kowane jirgi yana da nauyinsa da lokacin isowarsa, kowace na'urar ɗaga kwantena tana da saurinta, ga layin manyan motoci suna jira. Sai suka ga ya fi sauƙi kowane jirgi ya zama abu mai zaman kansa a cikin manhajar, yana tafiyar da rayuwarsa, maimakon a tara komai a jeri ɗaya na lambobi. Daga nan Simula 67 ya fito a 1967, da aji, da ƙaramin aji mai gadon babba, da aikin da ƙaramin aji zai iya sake fasaltawa. Nygaard bai tsaya nan ba. A shekarun 1970 ya yi aiki da ƙungiyar ƙwadagon ma'aikatan ƙarfe ta ƙasarsa don ma'aikaci ya samu ta cewa a kan irin manhajar da za a kawo masa wurin aiki. Wato tun asali, batun abubuwa batu ne na a siffanta duniya yadda mutanen da ke cikinta suke gane ta. An ba su biyun lambar yabo ta Turing ta 2001, mafi girma a fagen, dukansu kuma suka rasu a 2002.

Bjarne Stroustrup, ɗan Danmak, ya yi amfani da Simula lokacin da yake digirinsa na uku a Cambridge. Tsarin ya burge shi, jinkirin gudunsa ya ba shi haushi. Da ya koma Bell Labs a Amurka a 1979 sai ya ɗauko ajin Simula ya ɗora a kan harshen C mai sauri, abin da ya zama C++ a 1983. Daga C++ Java ta ɗauki kamanninta, daga nan C# ta biyo. Duk yaron da ya rubuta aji a laftof ɗinsa a Sabon Zongo yau, aikin mutanen Oslo yake maimaitawa.

Reshe na biyu ya fi jan hankalina. Alan Kay ya ci karo da Simula a 1966 yana ɗalibi a jami'ar Utah. Da yake ya karanta ilimin halittu, sai ya ga abubuwan nan kamar ƙwayoyin jiki: kowace a rufe take da fatarta, ba mai leƙa cikinta, sai dai su riƙa aika wa juna saƙo. A cibiyar bincike ta Xerox da ke Palo Alto, shi da Dan Ingalls da Adele Goldberg da wasu suka gina Smalltalk a cikin shekarun 1970, har ya fito wa duniya a matsayin Smalltalk-80. A wannan harshe komai abu ne, komai kuma saƙo ne. Idan ka rubuta 3 + 4, kana aika wa lamba 3 saƙon ta haɗa kanta da 4. Hatta sharaɗin in kaza ya faru a yi kaza, saƙo ne da ake aika wa gaskiya ko ƙarya, kowace ta amsa yadda ta dace da ita. Kalmomin da harshen ya keɓe wa kansa shida ne kacal, Java kuwa tana da kimanin 50. Kana iya tsayar da manhaja tana cikin gudu, ka buɗe abin da ya lalace, ka gyara, ta ci gaba daga inda ta tsaya. A 1997 Kay ya faɗa wa taron masana a fili cewa shi ya ƙirƙiro sunan tsarin, kuma ba C++ ne a ransa ba a lokacin. Daga baya ya bayyana cewa aika saƙo shi ne babban al'amarin, ya fi aji da gado muhimmanci nesa ba kusa ba.

To me ya sa harshe irin wannan ya ɓace daga bakin mutane?

Kuɗi ne na farko. A farkon shekarun 1990 Smalltalk na da ƙarfi a bankuna da kamfanonin inshora na Amurka da Turai, amma lasisinsa dubban daloli ne ga kowane mai rubutu ɗaya. Kamfanonin da ke sayar da shi kowanne da irin nasa, wanda aka rubuta a wannan ba lallai ya yi aiki a wancan ba. Manyan biyu daga cikinsu, ParcPlace da Digitalk, sun haɗe a 1995 suna fama da kansu, a daidai shekarar da Sun Microsystems ta fito da Java ta ce kowa ya sauke kyauta. Ga intanet na tasowa, ga burauzar Netscape ta karɓi Java, ga talla ta ko'ina. IBM, wadda ta zuba jari sosai a Smalltalk, ta juya akalarta. Abin da ya fi taɓa ni a labarin shi ne, manhajar da IBM ta fara sayar wa masu rubuta Java, VisualAge for Java, da Smalltalk aka gina ta. Ɗalibi a jami'ar Legon ko a KNUST a wancan zamani ba shi da hanyar taɓa Smalltalk na kasuwa ko da ya so. Java kuwa faifai ɗaya ya ishi aji guda.

Sai kamanni. Java ta zo da alamomin baka da waƙafi irin na C, wanda dubban mutane suka riga suka saba da shi. Smalltalk ya zo da nasa salo, har ma 2 + 3 * 4 yana ba da 20 a cikinsa, domin saƙonni daga hagu zuwa dama ake aika su ɗaya bayan ɗaya. Mutum ya gani sau ɗaya ya ce wannan bai iya lissafi ba, ya rufe. Kuma gaskiya ne harshen yana zaune ne a duniyarsa shi kaɗai, komai a cikin ƙunshi ɗaya, ba ya haɗuwa cikin sauƙi da kayan aikin da sauran mutane ke riƙe da su, ga cin ƙwaƙwalwar kwamfuta a zamanin da take da tsada. Waɗannan aibobi ne na gaske, ba na ɓoye su. Amma aibobin ciniki ne da na zamani, ba su rage komai daga darasin da ke cikin harshen ba.

Makarantu suka zo suka kulle ƙofar. Kamfani yana neman mai Java, jami'a ta koyar da Java, wanda ya gama ya zama malami ya koyar da abin da ya iya. A 2004 jarrabawar kimiyyar kwamfuta ta 'yan sakandaren Amurka masu shirin jami'a ta koma Java, masu buga littattafai suka bi. Waɗannan littattafan su ne ke isowa nan, su ake kwafa a shagunan fotokwafi, su masu bidiyon YouTube ke karantawa su maimaita. Android ta zo a 2008 da Java a ƙarƙashinta, kuma duk wanda ya ratsa kasuwar wayoyi ta Circle ya san wace irin waya ce a hannun talakan Gana. Ba wanda ya zauna ya ƙulla makirci. Kowa ya bi abin da ke gabansa ne, har aka wayi gari ma'anar OOP ta zama siffar Java, duk harshen da bai yi kama da ita ba a ce ba ya ciki.

Nan ne asarar take da yawa, domin ginshiƙai huɗun nan suna fitar da harsunan da muke amfani da su kullum. Self, wanda David Ungar da Randall Smith suka fito da shi a 1987, ba shi da aji ko ɗaya. In kana son sabon abu sai ka kwafi wani da ke akwai ka sauya abin da kake so. Wannan hanya ce Brendan Eich ya ɗauka da ya yi JavaScript a 1995, kuma sai a 2015 aka ƙara masa kalmar aji, wadda lulluɓi ce kawai a kan tsohon tsarin. Yaro yana rubuta JavaScript dare da rana, ya gamu da wani hali da bai gane ba, ya ce harshen ne mahaukaci, saboda ba a taɓa gaya masa akwai wata hanyar gina abubuwa ba. Dabarun sa manhaja gudu da aka gano a aikin Self su ne suka shiga injin Java mai suna HotSpot, suka kuma shiga V8 na burauzar Chrome a 2008. Erlang na kamfanin Ericsson na Suwidin, wanda aka yi don na'urorin tarho, ƙananan ma'aikata ne birjik a cikin manhajar, kowane a rufe, ba sa taɓa kayan juna sai aika saƙo. Ba shi da aji, ba shi da gado, amma ya fi Java kusa da abin da Kay ya siffanta. Da shi aka gina uwar garken WhatsApp, inda muke tura sanarwar suna da ta jana'iza kowace safiya.

Akwai kuma waɗanda raini ne ya fitar da su daga zance. PHP tana da cikakken tsarin abubuwa tun 2004, kuma da Laravel, kayan aikin da aka gina a kanta, matasa da yawa a garin nan suke cin abinci, amma a taron masana sai a riƙa jin nauyin ambatonta. Delphi, COBOL, Fortran, Ada, duk suna da tsarin abubuwa tun tuni. An ɗauke su kayan tsofaffi ne kawai.

Na san abin da za a ce mini, kuma ɗan 'yar'uwata ya riga ya faɗa mini shi ba tare da kwana-kwana ba. "Kawu, ni aiki nake nema. Data tsada gare ta, wuta tana ɗaukewa, ga Hajiya tana jiran in fara kawo wani abu gida. Wa zai ɗauke ni aiki da Smalltalk?" Maganarsa gaskiya ce, na kuma ce masa ya riƙe Java da Python da JavaScript da hannu biyu. Ban taɓa ganin tallar aiki a Akra da ke neman Simula ba. Abin da nake roƙo ƙarami ne: mako biyu a cikin zangon karatu, ko 'yan darare ga mai koyon kansa.

Dalilina shi ne abin da nake gani a kod ɗin masu tasowa. An koya musu cewa gado shi ne ƙololuwar fasaha, da misalin kare ya gaji dabba, mota ta gaji abin hawa. Sai a ba yaro aikin manhajar adashi, ya yi ajin mutum, ɗan adashi ya gaji mutum, mai karɓar kuɗi ya gaji ɗan adashi, shugaba ya gaji mai karɓa. Ranar da aka ce mace ɗaya tana zubi a rukuni biyu kuma ita ce mai karɓa a na uku, ginin duka sai ya rushe. Wanda ya ɗan zauna da Smalltalk tambayar farko da zai yi daban ce: wa ke aika wa wa saƙo, me yake nema, wa ke da alhakin amsawa? Wani mashahurin littafi na 1994 kan salon tsara manhaja, wanda mutum huɗu suka rubuta, ya yi gargaɗi tun a farkonsa cewa a fifita haɗa abubuwa a kan gado, kuma misalansa da C++ da Smalltalk aka kawo su. Gargaɗin ya kai shekara 30, bai iso ajinmu da ƙarfin da ginshiƙai huɗu suka iso ba.

Ko Eiffel, na Bertrand Meyer ɗan Faransa, wanda ya fito a tsakiyar shekarun 1980. Shi ya kawo tunanin cewa kowane aiki yarjejeniya ce a rubuce a cikin kod ɗin kansa: ga sharaɗin da dole ya cika kafin a fara, ga abin da dole ya tabbata bayan an gama, ga abin da ba ya taɓa sauyawa. Koma kan asusun momo. Kafin a cire kuɗi, dole adadin da cajinsa kada su wuce abin da ke ciki. Bayan an cire, dole ragowar ta zama tsohon adadi ban da abin da aka cire da cajin. Kuma har abada asusu ba ya sauka ƙasa da sifili. A ƙasar da mai sayar da koko da direban trotro suke ajiye jarinsu a waya, wannan darasi bai kamata ya wuce kowane ɗalibi ba, ko da a Kotlin ko PHP zai yi aikinsa daga baya.

Mu mutanen zango mun san darajar silsila. Wanda ya sauke littafi a gaban malami ana ba shi ijaza mai ɗauke da sunayen malamai, wane daga wane, wane daga wane. Ba don ado ake yi ba. Sanin daga inda magana ta fito shi ke sa ka gane wace ce asali, wace ce ƙarin wani malami saboda halin garinsa. Ilimin OOP ma yana da silsilarsa, kuma gajera ce, ba ta kai shekara 70 ba. Tsarin raba manhaja gida uku, bayanai da abin da ake gani da mai sarrafawa, wanda duk mai Laravel ko Django ke bi da ɗan bambanci, Trygve Reenskaug ne ya tsara shi a Smalltalk a 1979. Gwajin kod da JUnit, daga SUnit na Kent Beck ya fito, shi ma a Smalltalk. Ruby na Yukihiro Matsumoto da Objective-C da aka daɗe ana rubuta manhajojin iPhone da shi, duka daga can suka sha. Hatta Scratch, da ake koya wa yara ƙanana jan tubala masu launi da shi, sigarsa ta farko ta 2007 a kan Squeak aka gina ta, wato wani reshen Smalltalk. Yaranmu suna fara karatu a gidan Kay ba su sani ba, sai su girma a ce musu abin ya fara ne daga Java.

Akwai wani dalilin da ya fi duk waɗannan nauyi a wurina. Wanda ya san harshe iri ɗaya tak yana ɗauka haka Allah ya yi abin, ba ya tunanin mutane ne suka zauna suka zaɓa, kuma da sun iya zaɓar wani abu daban. Lua a Birazil aka yi shi, a 1993, a wata jami'ar Katolika da ke Rio de Janeiro. Ƙasar ta daɗe da tsauraran dokokin shigo da kayan kwamfuta, masu binciken kuma suna da aikin kamfanin mai na Petrobras a hannu, sai Roberto Ierusalimschy da abokan aikinsa biyu suka ƙera ƙaramin harshe mara nauyi daidai buƙatarsu. Ba su sa masa aji ba, sun ba ka kayan da za ka gina irin tsarin abubuwan da kake so. Yau da wani reshensa ake rubuta wasannin Roblox, da shi kuma samfuran Wikipedia da yawa ke aiki, har da ta Hausa. Sun iya yin haka ne don sun san hanyoyi da yawa, suka auna, suka ɗauki wadda ta dace da halinsu. Marigayi Herman Chinery-Hesse, wanda ya kafa SOFTtribe a nan Akra a 1991, ya sha nanata cewa manhajar da za ta yi aiki a nan dole ta jure yanayinmu, na wutar da ke yankewa da layin da ke tsinkewa. Erlang an gina shi ne tun daga tushe bisa zaton cewa wani ɓangare zai faɗi, sai a tsara wanda zai tashe shi nan take. Ina so matasanmu su san akwai irin wannan tunani tun kafin su zauna tsara manhajar asibiti ko ta kasuwa.

Gwamnatin Gana ta ƙaddamar da shirin horar da masu rubuta kod miliyan ɗaya a 2025, ga cibiyar Kofi Annan, ga MEST a East Legon, ga Ashesi, ga ƙananan azuzuwa da matasa ke buɗewa a unguwanni da kuɗin aljihunsu. Masu tsara darussa a duk waɗannan wurare su nake kira. Shingen kuɗin da ya hana Smalltalk isowa nan a shekarun 1990 ya faɗi. Pharo, wanda ya balle daga Squeak a 2008, kyauta ne, ana sauke shi sau ɗaya a raba a filasha, yana aiki ba tare da intanet ba. A ba ɗalibai aikin asusun momo su rubuta shi a Pharo, su tsayar da shi yana gudu su leƙa cikinsa. Su sake rubuta shi a JavaScript ba tare da kalmar aji ba. Su rubuta sharuɗɗan Meyer guda uku a saman kowane aiki. Bayan nan a mayar da su Java su rubuta shi karo na ƙarshe, a tambayi kowannensu wane ɓangare ne matsalar ta buƙata, wane ne kuma Java ce kawai ta tilasta masa.